Korar Gernot Rohr: gudun gara muka yi, ko da ma lokacinsa ya yi?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'ar zaure. Zan faɗi magana, mai zagina ya zage ni. Korar koci Gernot Rohr da hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta yi ranar 12 ga Disamba 2021 ita ce kuskure mafi girma da aka yi wa Super Eagles a shekarun nan. Bajamushen nan ya kai mu Rasha a 2018. Tun da ya tafi, ta Katar ta wuce mu muna kallo a talabijin, ga ta 2026 ma Kwango ta tare mu a Rabat da bugun fenareti. Kofin duniya biyu a jere babu mu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai ja, bismillah.

Auta: Yaya, da sassafe haka? Ko koko ba mu sha ba.

Mai Gidan Kallo: Wa alaikumus salam. Ina da ja, mai ƙarfi ma kuwa. Kai a waya kake duba sakamako, ni kuwa a gabana ake kallon ƙwallon, ni nake share wurin in an watse. Bari in tuna maka Juma'ar nan ta Nuwamban 2020, mu da Saliyo a Benin City. Kafin a cika minti 30 mun zuba musu huɗu: Iwobi biyu, Osimhen ɗaya, Chukwueze ɗaya. Yara sai hawa benci suke suna ihu, har wani ya ce in kashe janareta in huta da ƙona mai, wasa ya ƙare. Aka tafi hutun rabin lokaci 4-1. Da aka kira magariba rabin ɗakin suka fice. Akwai wani dattijo mai sayar da rake a bakin ƙofata, ya dawo daga masallaci yana gyara zaman hularsa, ya ɗaga kai ya ga 4-3. Ya juyo ya ce da ni, "Yaro, allon nan naka ya samu matsala." Bai gama mamaki ba suka farke ta huɗun. Saliyo fa, kuma a gidanmu. Ranar ko kuɗin kallo kasa karɓa na yi a hannun wasu, don fuskokin ba su ba da hanya ba. Wannan shi ne kocin da kake wa kuka?

Ɗan Fagge: Wasa ɗaya ka ɗauko cikin shekara biyar da wata huɗu.

Mai Gidan Kallo: To ga na biyu. Oktoban 2021 Afirka ta Tsakiya ta zo har Legas ta ci mu ɗaya da nema. Ga na uku, Cape Verde ta zo ta riƙe mu 1-1 muna ta kallon agogo muna addu'ar a tashi. In kana son na Madagaska da ta ci mu 2-0 a Masar, shi ma yana nan a ajiye.

Ɗan Fagge: Na ji. Amma ku mutane kuna da saurin mantuwa. A wane hali ya same mu a Agustan 2016? Ba mu je kofin Afirka na 2015 ba, ba mu je na 2017 ba. Oliseh ya ajiye aiki ya tafi, Siasia ya riƙe na ɗan lokaci Masar ta fitar da mu. An sanar da Paul Le Guen, mutumin ya ce a kai kasuwa. Sannan aka jefa mu rukuni ɗaya da Aljeriya da Kamaru da Zambiya, kowa ya ce shi ke nan. Me ya faru? Mun je Ndola mun ci Zambiya 2-1. Mun ci Aljeriya 3-1 a Uyo. Kamaru da take riƙe da kofin Afirka a lokacin, huɗu muka ɗura mata babu ko ɗaya. Ranar 7 ga Oktoba 2017 Iwobi ya ci Zambiya, muka zama ƙasar Afirka ta farko da ta yanki tikitin Rasha, da sauran wasa ɗaya a hannu. Kuma a tsakiyar wannan tafiya ne aka gano cutar sankarar jini a jikin golansa na ɗaya, Carl Ikeme. Duk gurbin da aka ce ya nemo ya nemo shi: Rasha 2018, Masar 2019, Kamaru 2021, har wasan raba gardama na Katar shi ya kai mu bakinsa da maki 13.

Auta: Ni tambayata, shi wa ye ma a ƙwallo? Na ji ana cewa ya buga wa Bayern Munich tare da su Beckenbauer. In haka ne ai babban ɗan wasa ne.

Mai Gidan Kallo: Benci ya buga wa, ƙanena.

Baba Gola: Salamu alaikum 'ya'yana. Tun ɗazu nake karantawa, tabarau ne ya shige min ƙarƙashin tabarma. Auta, duka biyun gaskiya ne. A Mannheim aka haife shi a 1953, gidan ƙwallo ne kuma, don ɗan'uwan kakansa, Oskar Rohr, yana cikin waɗanda suka ci wa Bayern ƙwallo a wasan da ta ɗauki kofin Jamus na farko a 1932. Shi Gernot ya zo Bayern a 1972 yana ɗan shekara 19, ya tarar da Beckenbauer da Gerd Müller da Sepp Maier da Breitner da Uli Hoeness. Yaro mai tsaron baya a cikin waɗannan, ina zai sa ƙafa? Wasannin da ya buga cikin shekara biyu ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ya koma Waldhof Mannheim, ya wuce Kickers Offenbach, sannan a 1977 ya tsallaka Faransa. To a Bordeaux ne ya zama mutum. Shekara 12 ya yi, wasan lig sama da 300, ya ɗauki kofin lig ɗin Faransa a 1984 da 1985 da 1987 a ƙarƙashin Aimé Jacquet, wanda daga baya ya ci wa Faransa kofin duniya. Har takardar zama ɗan ƙasa ya karɓa.

Abin da nake so ku lura da shi, a wannan ƙungiya masu suna su ne Giresse da Tigana. Rohr shi ne wanda ake cewa ga mutum can, bi shi, kar ka bar shi ya juya. Na yi tsaron raga a ƙungiyar unguwa shekaru masu yawa, na san irin wannan ɗan baya. Ba ya burge 'yan kallo, amma in yana gabanka hankalinka a kwance yake. Irinsu in suka zama koci, abin da suka sani shi suke koyarwa: kar a ci mu tukuna, sauran ya biyo baya. Saboda haka ni a wurina Rohr bakanike ne. Ka kawo masa motar da ta kwanta, zai tashe ta, ta kai ka garin da za ka. Amma kar ka ce ya shiga tsere da ita.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma Baba. Amma bakanike ne ya fitar da AC Milan a 1996?

Baba Gola: Amin. Wannan daren ba na manta shi. An ba shi Bordeaux a Fabrairu, ƙungiyar tana tangal-tangal a lig. Suka je San Siro aka ci su 2-0, Milan ta Capello, mai Baresi da Maldini da George Weah. Kowa ya ɗauka an gama. A Bordeaux suka rama da 3-0, Tholot ɗaya, Dugarry biyu. Suka wuce Slavia Prague, suka je wasan ƙarshe na kofin UEFA. Kun san wa ya samu a can? Bayern, kuma Beckenbauer ne a benci a matsayin koci. Tsohon yaro da tsohon kyaftin ɗinsa. Aka ci Bordeaux 2-0 a Munich, 3-1 a gida.

Anti Bilki: Baba, da izininka, in ƙarasa labarin da ɓangaren da Ɗan Fagge ba zai so ji ba. A cikin wannan Bordeaux akwai Zidane da Lizarazu da Dugarry, ukun nan bayan shekara biyu suka ɗaga kofin duniya. Kuma a kakar nan ta 16 suka ƙare a lig. Daga nan ku bi sawunsa: Créteil, Nice, Young Boys a Suwizalan, Ajaccio, Étoile du Sahel a Tunisiya, Nantes, Gabon, Nijar, Burkina Faso, mu, yanzu Jamhuriyar Benin. Sama da shekara 30 yana horarwa. A nuna min babban kofi ɗaya. Wanda na sani shi ne na rukuni na biyu da ya dawo da Bordeaux sama a 1992. Mutumin kirki ne, ba ya hayaniya, na yarda. Amma Najeriya ba gurbi kawai take nema ba.

Auta: Anti ta zo da kundi.

Anti Bilki: Maigidana ne ya jawo, shekara 15 ina jin wannan musun a tsakar gida, dole na haddace.

Ɗan Fagge: Anti, koci nawa ne a duniya suke ɗaukar kofi? Kofin Afirka ƙasa ɗaya ke ɗauka duk bayan shekara biyu. Ya kawo mu na uku a 2019 bayan mun yi fashin gasa biyu. Ya fitar da Kamaru 3-2, ya fitar da Afirka ta Kudu 2-1, Ighalo ya fi kowa cin ƙwallo da guda 5. Ba don bugun tazarar Mahrez a daƙiƙar ƙarshe ba, wa ya san inda za a tsaya?

Anti Bilki: Keshi, Allah ya ji ƙan rai, ya ɗauki kofin a 2013 da Sunday Mba da Godfrey Oboabona, yaran da ya tsinto a lig ɗin gida. Peseiro da kuke cewa bai iya komai ba ya kai mu wasan ƙarshe a Abijan. Duka biyun sun wuce na ukun da kake mana gori da shi.

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum. Ku bar ni in sa baki, don mu munka riga ku saninshi. Abin dariya, wasanmu na farko a tarihin kofin Afirka, a 2012 a Libreville, Gabon ta Rohr ce ta ci mu 2-0. Ya ci wasanninshi ukku na rukuni, Mali ta fidda shi da fenareti, Aubameyang ya ɓarar da tashi. Bayan 'yan watanni sai ga shi a Yamai ya karɓi Mena, tawagarmu ta Nijar. Gine ta ci mu 1-0 a Konakiri, ranar ramuwa ina cikin filin Seyni Kountché, tun hantsi munka shiga, ruwan leda ya ƙare a hannun masu talla. Munka ci 2-0, garin bai yi barci ba. A Afirka ta Kudu a 2013 Seydou Keita ya ci mu ana dab da tashi, munka yi canjaras da Kwango babu ci, Kassaly Daouda ya yi ta kaɗe ƙwallaye kamar da aljanu, sannan Gana ta ba mu ukku. Wannan maki guda shi ne na farko da munka taɓa samu a gasar, kuma tun daga 2013 ba mu koma ba.

Ɗan Fagge: Ka ji shaida daga maƙwabta.

Ɗan Maraɗi: Dakata ɗan'uwa, ban ƙare ba. Wasa ukku, ko ƙwallo guda ba mu jefa a raga ba, alhali muna da Moussa Maazou. Kuma wanda ya fara buɗe muna ƙofa ɗan gida ne, Harouna Doula, shi ya fiddo mu daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, har CAF ta ba shi gwarzon koci na 2011. Rohr gini ya iske ya ɗora. A 2014 da wasanni sunka ƙi, ya aje aiki ya tafi. Maganar Baba Gola ita ce daidai, bakanike ne. Sai dai mu motar tamu ƙarama ce, mun gode da inda ya kai ta.

Mai Gidan Kallo: Ni abin da ba zan yafe ba, daren Ajantina. Canjaras kawai muke nema mu wuce zagaye na biyu. Messi ya ci, Moses ya farke da fenareti. Saura minti 15 kowa a ɗakina yana ganin yaranmu sun gaji, ƙafa ta yi nauyi, har yaro ɗan firamare yana cewa a yi canji. Mutumin nan canji ɗaya tak ya yi, shi ma tun hutun rabin lokaci. Sai da Rojo ya ci a minti na 86 sannan ya tuna yana da Iwobi da Simy a benci. Ihu bayan hari. In har shi gwanin tsare gida ne kamar yadda Baba ya ce, to ranar da aka fi bukatar a tsare gidan ya bar ƙofa a buɗe.

Baba Gola: Wannan kam ka kama ni, ɗana. Ba ni da abin cewa.

Ɗan Fagge: Ighalo ya samu dama shi da gola ya ɓarar. Ƙwallo ta taɓa hannun Rojo, rafali ya je ya kalla a allo ya ce a ci gaba. Shi ma Rohr ne?

Mai Gidan Kallo: Ahmed Musa fa? Wasan Kuroshiya a benci ya fara, aka ci mu 2-0 muna ta ɗauki-ba-daɗi. Sai da duniya ta yi caa sannan ya sako shi da Iceland.

Ɗan Fagge: Ka faɗi rabi ka bar rabi. Ba sako Musa kawai ya yi ba. Ya koma 'yan baya uku, ya dawo da Mikel ƙasa inda ya fi sabawa, ya haɗa Musa da Iheanacho a gaba, ya buɗe wa Moses hanya a gefe. Ƙwallon farko ai daga gudun Moses ta fito, Musa ya tare ta a sama ya ɗirka. Kocin da kuke cewa ba ya sauya tunani, cikin kwana shida ya sauya tsari gaba ɗaya a tsakiyar kofin duniya.

Auta: Ranar na faɗa kwata da sabon takalmi ina murna. Ba na nadama.

Anti Bilki: Ku dawo kan maganar 'yan wasan gida. Shekara biyar, in ka cire masu tsaron raga irin Ezenwa, wa ya ɗauko daga lig ɗinmu ya tsaya masa? Idonsa kullum yana Turai: Ola Aina, Aribo, Ebuehi, Idowu, Akpoguma da Maduka Okoye daga Jamus. Ba na cewa ba 'yan Najeriya ba ne, 'ya'yanmu ne. Amma mataimakinsa Salisu Yusuf ya kai 'yan gida zalla wasan ƙarshe na CHAN, gasar Afirka ta masu buga lig ɗin gida, a 2018, ke nan akwai abin dubawa. Har sai da NFF ta sa masa sharaɗi a sabon kwantiragin 2020 cewa ya zauna a ƙasar nan.

Ɗan Fagge: Wasan ƙarshen da Maroko ta ci mu 4-0? Anti, mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan filayenmu da albashin 'yan wasanmu. Kuma mu nan Arewa ba mu da bakin ƙorafi. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ya kai shi kofin duniya ya fara da shi. Zaidu Sanusi ɗan Kebbi a hannunsa ya fara sa rigar ƙasa a 2020. Musa ya dawo Kano Pillars a 2021 ba shi da ƙungiya a waje, jaridu suna ta cewa a ajiye shi, Rohr ya ci gaba da kiransa a matsayin kyaftin. Osimhen da Chukwueze da muke taƙama da su, wa ya fara sa su a babbar tawaga?

Anti Bilki: Osimhen da Chukwueze, Amunike ne ya fito da su a gasar 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015. Ko makaho aka ba zai ɗauke su.

Ɗan Fagge: Kuma mutumin da ake bin sa a yi masa sharaɗi, albashinsa sai ya yi watanni bai gani ba. Da suka kore shi ƙara ya kai FIFA, aka ce NFF ta biya shi sama da dala dubu 370. Maki ɗayan da aka ƙwace mana a wasan Aljeriya saboda an sa Shehu alhali yana da katin gargaɗi biyu, aikin ofis ne, ba na koci ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Mai Gidan Kallo: A kan NFF ba ni da ja da kai. Laifinsu daban, nasa daban.

Alhaji Garwa: Barkanku da muhawara. Ni zan faɗi abin da idona ya gani, tunda a ƙofar gidana aka yi. Janairun 2022 aka sauke Najeriya a nan Garwa ta Kamaru don kofin Afirka, wata ɗaya bayan korar Rohr, Eguavoen ke riƙe da yara. Motoci daga Yola da Mubi har ba wurin ajiyewa, filin Roumdé Adjia ya koma kore da fari, in ka rufe ido Hausa da Fulatanci kawai kake ji. Ranar Masar, Iheanacho ya ci, Moses Simon ya mai da ɗan bayansu abin tausayi, Salah kuwa ko ƙyallinsa ba mu gani ba. Wani bawan Allah da ke kusa da ni ya riƙe hannuna yana cewa, "Alhaji, ashe ɗaure yaran nan aka yi!" Muka ci Sudan 3-1, muka ci Gine Bisau 2-0. Wallahi a makon nan da ka ambaci sunan Rohr a kasuwa da sai an yi maka dariya. Sai Tunisiya ta zo, cutar korona ta kwantar musu da 'yan wasa har da kocinsu. Suka sa mutum biyu a kan Simon, shi ke nan, ba mu da wata dabara. Msakni ya buga daga nesa ta wuce Okoye, Iwobi ya shigo ya karɓi jan kati. Na fito daga fili ina jin wani yana cewa da Baturen nan ne da ba a ci mu irin wannan ba. Shi ne dai wanda ya riƙe min hannu ranar Masar.

Baba Gola: Alhaji ka gama magana. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za a kore shi, bayan Masar a 2019 ya kamata, ko bayan 4-4 ɗin nan, a ba sabon koci shekara ya san yaransa. Amma a sabunta masa kwantiragi a 2020, sannan a sallame shi saura mako huɗu gasa, saura wata uku wasan Gana na neman tikitin Katar?

Ɗan Zangon Kumasi: Na ji an ambaci Gana, ga ni. Ku yi haƙuri 'yan'uwa, mu ma fa a lokacin ba mu da koci tsayayye. Mun fita daga Kamaru a zagayen farko, har Komoros ta ci mu. Otto Addo aka ɗauko na riƙo, shi ma haifaffen Hamburg ne, ya buga wa Dortmund. Ya zo Kumasi ya riƙe ku babu ci, ya je Abuja Partey ya buga ta sulale ƙarƙashin Uzoho, Ekong ya farke da fenareti, muka wuce da ƙwallon waje. Mun kore namu ana gobe tafiya mun isa, kun kore naku ba ku isa ba. To ina ruwan gora?

Auta: Admin a fitar da wannan mutumin.

Ɗan Zangon Kumasi: Sai dai ku fasa kujerun zauren kamar na filin Abuja.

Ɗan Fagge: Ka taimake ni ba ka sani ba. Wasa biyu, gida da waje, inda ake bukatar haƙuri da lissafi, wannan ai abincin Rohr ne. Na rantse da shi ne a benci da mun je Katar.

Mai Gidan Kallo: Kar ka rantse kan abin da bai faru ba. Wanda Afirka ta Tsakiya ta ci a Legas, Gana ce za ta gagara cin sa a Abuja? Kuma Uzohon da ƙwallo ta wuce ta ƙarƙashinsa, ai shi ya ɗauko shi yana ɗan shekara 19 ya kai shi Rasha.

Baba Gola: Bari in ƙara muku wani abu a kan Jamusawa, don Auta ya ɗauka girman ɗan wasa shi ne girman koci. Berti Vogts ya ci kofin duniya a 1974, shi aka ba Cruyff ya tsare a wasan ƙarshe. Ya ci wa Jamus kofin Turai a 1996 yana koci. Takardunsa sun ninka na Rohr sau goma. Ya zo nan a 2007, a kofin Afirka na 2008 wasa ɗaya ya ci cikin huɗu, Gana da mutum goma ta fitar da mu a Accra, ya tattara ya tafi. Manfred Höner kuwa, da yawancinku ba ku taɓa jin sunansa ba, ya kai mu wasan ƙarshe a Maroko a 1988. Abin da Rohr yake da shi wanda Vogts ba shi da shi, iya zama da mutane ne. Ya sha zaman benci yana yaro, ya yi aiki a Libreville da Yamai da Wagadugu kafin ya zo, ya san jirgi zai makara, ya san alawus zai makara, bai taɓa fitowa yana kumfar baki ba. Shi ya sa ya fi kowane koci daɗewa a kujerar nan.

Anti Bilki: Ko kuma shi ya sa suka daɗe da shi, Baba, tunda ba ya tona musu asiri.

Baba Gola: Wannan ma fassara ce, 'yata.

Auta: Ku tuna Labbadia. An sanar da shi a matsayin koci a Agustan 2024, kafin mu koyi faɗin sunansa an ce maganar ta rushe.

Ɗan Fagge: To ka gani. Eguavoen, Peseiro, Finidi, Eguavoen kuma, Chelle. Kafin su mutum ɗaya ne shekara biyar. Sannan ranar 10 ga Yuni 2024 a Abijan, tsohon da kuka ce ya ƙare ya zo da Benin, Onyedika ya fara ci, Dossou ya farke, Mounié ya ƙara. 2-1. Finidi ko mako biyu bai ƙara ba a kujerar. Ɗan hakin da ka raina. Waɗannan maki ukun da muka zubar su suka jefa mu hanyar Rabat.

Mai Gidan Kallo: Ci gaba mana, me ya sa ka tsaya? Satumbar 2024 a Uyo, 3-0. Oktoban 2025 ya zo Uyo yana saman rukuni, tikitin kofin duniya na farko a tarihin Benin yana leƙo shi. Osimhen ya ci uku, Onyeka ya rufe da ta huɗu. Daidai ranar da ake so ya tsare gida, kamar daren Ajantina. Halin nan bai bar shi ba.

Ɗan Maraɗi: Amma tsakani da Allah, Benin ta kai ranar ƙarshe tana gaban Najeriya da Afirka ta Kudu, wannan kaɗai aiki ne. Mu da za mu samu haka da mun yanka rago.

Ɗan Fagge: To bari in gyara maganata kaɗan, saboda girman Baba da Anti. Ban ce zai ɗauko mana kofi ba. Na ce korarsa a ranar da aka kore shi, ba tare da an tanadi wanda ya fi shi ba, ita ta hana mu Katar. A kan wannan ina nan daram.

Anti Bilki: Da safe cewa ka yi kuskure mafi girma, kofin duniya biyu. Yanzu an dawo ɗaya, an dawo maganar rana. Kafin la'asar za ka iso inda muke.

Mai Gidan Kallo: Ni ko ranar ban yarda ba. Da a hannuna ne, a daren Saliyo zan miƙa masa takardarsa tun kafin ya shiga mota.

Baba Gola: Ɗan Fagge, tambaya ɗaya zan yi maka ka amsa tsakaninka da Allah. Gobe a ce Chelle ya tafi, Rohr ya ce zai dawo yana da shekara 72. Ka karɓa?

Ɗan Fagge: Baba, wannan wata muhawarar ce daban.

Baba Gola: E ko a'a, ɗana.

Ɗan Fagge: In wasan neman gurbi ne, e. In an isa gasar, sai mu sake zama.

Auta: Wato ya tuƙo mu zuwa tasha, a can mu sauke shi mu nemi wani direban.

Mai Gidan Kallo: Ku ci gaba, ni mai kawo min mai ya iso, akwai wasa ƙarfe huɗu. Ɗan Fagge, in za ka zo ka taho da ɗari biyar ɗin da nake bin ka tun wasan Kwango.